Irin Dawar Saloma

Daren wata Talata, bayan an idar da sallar isha'i, na ji wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba. Ni kuwa ƙara ba ta ɓoye mini. Shekara goma sha tara na yi ina busa bigila a soja, kuma a jikina duka kunne ne kaɗai bai tsufa ba. Ina kwance a ɗakina nakan bambance kukan injin niƙan unguwar Zango da na Rikoto. Wannan ba niƙa ba ne, ba janareta ba ne. Gurnani ne ƙasa-ƙasa, a kansa kuma wani siririn fito yana hawa yana sauka, kamar iska ta samu bakin kwalba. Daga gidan da muka haɗa katanga yake fitowa. Na saurara har barci ya ɗauke ni, na yi mafarkin jirgin ƙasa yana ratsa duwatsun garinmu Zuru, inda ba a taɓa shimfiɗa dogo ba.

Gidan nan da can ma'ajiyar taki ce. Shekara uku da suka wuce aka share shi, aka shafa masa shuɗin fenti, aka mayar da shi cibiyar rainon sababbin sana'o'i. Matashin da ya ƙirƙiro wata dabara sai ya zo, a ba shi tebur da wuta da mai koya masa, a riƙe shi har sana'ar ta tsaya da ƙafarta. Shugabar wurin Rachael ce, 'yar wani saje da muka zauna bariki ɗaya. Na san ta tun tana yawo da kwanon sha a hannu. Ta yi karatun aikin gona, ta ƙaro a Zariya, ta dawo gida. A samanta akwai kwamitin maza biyar, shugabansu Manjo Haggai mai ritaya. Masu tallafa wa cibiyar daga Abuja sun sa sharaɗi cewa sai mace ce za ta shugabance ta, shi ya sa aka nemo Rachael. Maƙwabcina Yero mai shayi, wanda teburinsa ke kallon ƙofar, yakan ce an ba ta kujera amma Manjo ne ke riƙe da ƙafafun kujerar.

Ni ba ma'aikacinsu ba ne. A aji huɗu na bar makaranta. Abin da ke kai ni wurin shi ne son ganin abin da ba a saba gani ba. Ina da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, cikinsa akwai dutse mai huda a tsakiya, da gyaɗa mai ƙwaya biyar, da mabuɗin da ban taɓa ganin kwaɗonsa ba, da ƙahon rago da ya murɗe ta baya. Rachael ta bar ni in riƙa zama a gindin dogon yaron da ke tsakar cibiyar, in tsinci abin da suka yar. Takan ce mini, “Baba Altine, kai ne babban mai bincikenmu, albashi ne kawai babu.” Ni kuma in ce mata ranki ya daɗe, Shugaba, sai ta harare ni.

Cikin waɗanda take raino akwai Munira, mace mai 'ya'ya biyu da ta iya walda fiye da mijinta. Ita ta ƙera wata na'ura mai kama da kabad ɗin kwano, tsawon mutum, wadda ke busar da tattasai da tumatir su zama kauɗa a kwana ɗaya, ba ƙuda ba yashi. Da rana hasken rana ke tafiyar da ita, da dare tukunyar gas da fanka. Na san muryar na'urar nan sarai, murya ce mai laushi kamar minsharin kyanwa. Ashe ita ce na ji a daren Talata, an murɗa ta har ƙarshe. Ban taɓa jin an kai ta can ba, shi ya sa ban gane ta ba.

Sai na koma baya kaɗan kafin a fahimci abin da ke cikinta a daren.

Tun bayan kaka, 'yan bindiga suka tashi wani ƙauye da ke kan dutse bayan garin Ribah. Waɗanda suka tsira, yawanci mata da yara, aka zuba su a wata makarantar firamare a bakin garinmu. An ƙone musu rumbuna. Abin da suka iya fitowa da shi, ban da tufafin jikinsu, shi ne irin dawarsu: zangarnun da kowane gida ke zaɓa ya rataye a saman murhu don hayaƙi ya kore ƙwari. A ƙauyensu ba a sayen iri kuma ba a sayar da shi. Uwar miji ce ke miƙa wa matar ɗanta, kowane gida da kalar tsumman da yake ɗaure nasa. Dawar ja ce har ta yi baƙi-baƙi, wuyanta a lanƙwashe kamar sandar tsoho. Sun ce tsuntsu ba ya son ta, kuma tana yi a kan tsakuwa inda dawar kasuwa ba ta ko kai gwiwa. Gida goma sha huɗu suka fito da nasu. Babbarsu wata tsohuwa ce mai suna Saloma, doguwa, haƙoranta na gaba a fiƙe irin na mutanen da.

Wata huɗu suka yi a ajin nan, irin yana rataye a jikin katakon rufi, suna kwana da yunwa a ƙarƙashinsa. Wani mutumin ƙauyen Manga ya yi musu alkawarin aron wani tudu mai duwatsu da ba ya nomawa, in damina ta faɗi. Sai ga ruwan farko a watan Afrilu, da iska, ya yaye kwano biyu na rufin ajin, zangarnun suka jiƙe.

Rachael ta je da kanta. Ta yi musu magana da C'lela, harshensu kuma harshen uwarta. Ta ce su ba ta irin ta busar da shi a hankali, ta adana musu inda ɓera da danshi ba sa kaiwa, ranar shuka su zo su karɓa. Daga baya ta gaya mini cewa ba danshin ne ya sa suka yarda ba. Shanya a filin makaranta ba ta yiwuwa saboda awaki da kaji, wannan gaskiya ne, amma abin da Saloma ta ce shi ne ta fara tsoron hannuwan matan, har da nata. Yara na kuka da dare, iri na lilo a saman kai. Gara a kai shi inda ba sa ganinsa. Tsohuwar ta ƙara da cewa da namiji ne ya zo da wannan magana ba za ta ba shi ko zangarniya ɗaya ba.

Ranar da suka kawo, ina gindin dogon yaro. Suka shigo a jere, kowace da ƙullinta a ka. A bakin ƙofa wani ɗan reshe ya karye daga wata zangarniya ya faɗi. Na jira suka wuce, na ɗauka. Ban taɓa ganin dawa mai wannan launi ba, kamar busasshen jini. Na ƙirga ƙwaya ashirin da uku, na zuba a gwangwanin ashana na ƙarfe, na sa a akwatina kusa da ƙahon rago. Ban gaya wa kowa ba.

Tsarin da Rachael ta yi da Munira shi ne a sa zangarnun a na'ura da fanka kawai, da ɗan ɗumi wanda bai wuce na jikin mutum ba, kwana shida. Iri abu ne mai rai, in zafi ya yi yawa ransa ke fita. Kowa a wurin ya san haka. Amma ranar Litinin aka bugo waya cewa baƙin Abuja za su zo Alhamis, su ga aikin cibiyar kafin su yanke shawarar ci gaba da tallafa mata. Rachael tana Birnin Kebbi wajen wani taro. Manjo Haggai ya zo ranar Talata da la'asar, ya buɗe na'urar, ya ga zangarnu da tsummokara masu datti, ya ce wannan ba abin nuna wa baƙi ba ne. Yana so kafin Alhamis a busar, a sussuke, a zuba a kwalabe masu tsabta, kowace da takardar sunan gida a manne.

Munira ta ce ba zai bushe ba sai an ƙara wuta, kuma ita ba za ta ƙara ba sai da izinin Anti Rachael. Manjo ya ce shi ya jagoranci bataliya, ba zai tsaya yana jiran izini a kan dawa ba, amma ya ciro waya ya kira ta a gabanmu. Ina jin muryarta tana fita daga wayar, ga hayaniyar mota a bayanta. Ta ce zafi zai iya lalata iri. Ya ce dare ɗaya ne, kakanninsu ma a kan murhu suke rataye shi. Ya ce matasa goma sha bakwai ke cin abinci a cibiyar nan, in baƙi suka koma ba su ga komai ba, ita za ta yi musu bayani. 

“To, a ƙara kaɗan,” in ji ta.

Na'urar Munira ba ta san kaɗan ba. Maƙunninta uku ne: fanka, ɗumi, da wutar tattasai. Tana kan na biyu. Manjo ya tsaya har sai da ya ga an murɗa zuwa na uku, sannan ya shiga motarsa.

Ranar Laraba aka sussuke, aka shiƙe. Tsabar ta fito tsaf, tana ƙyalli, ta fi kyau a ido fiye da yadda ta shigo. Na share abin da ya zube a ƙasa, kusan cikin tafi, na sa a aljihu. Alhamis baƙi suka zo da motoci biyu. Aka jera kwalabe goma sha huɗu a kan tebur mai farin ƙyalle. Aka ɗauko Saloma a mota, aka ba ta kwalbar gidanta ta riƙe, aka tsayar da Rachael kusa da ita aka yi ta ɗaukar hoto. Wata baƙuwa mai tabarau ta ce wannan shi ne abin da ke faruwa in aka ba mace ragama. Manjo ya fi kowa tafi. Saloma ta juya kwalbar tana neman tsummanta, ba ta gani ba, an zubar.

Ina da wata ɗabi'a tun ina yaro. Ina son in ga lokacin da saiwa ke fasa ƙwaya ta leƙo. Ban taɓa kama ainihin lokacin ba, kullum sai in tarar ta riga ta fito, amma ban daina gwadawa ba. A daren Alhamis na jiƙa tsumma biyu. A ɗaya na sa ƙwaya biyar daga gwangwanina, a ɗaya na zuba wadda na share ranar Laraba. Na ajiye su a bayan randa.

Bayan kwana huɗu, ƙwaya biyar ɗin nan duka suka fito da farar saiwa kamar zaren ɗinki. Na ɗaya tsumman kuwa suka kumbura, suka yi laushi, suka fara tsami. Na ba su kwana biyu na ƙari. Sai fumfuna ta rufe su.

Na kai wa Rachael tsummokaran biyu a ofishinta. Na ce mata ga wani abin mamaki, don a lokacin ni abin mamaki na ɗauke shi. Ta buɗe na farko, ta buɗe na biyu, ta kai hanci. Ta tambaye ni ina na samu masu ran, na ce a bakin ƙofa na tsinta ranar da aka kawo. Ban ce mata akwai saura ba.  Sannan ta tashi ta kulle ƙofa, ta kira Munira, suka jiƙa buhunan algarara goma sha huɗu, suka ƙirga ƙwaya ɗari daga kowace kwalba suka jera. Kwana biyar Rachael na zuwa tun da asuba tana ɗaga buhunan. Ƙwaya dubu da ɗari huɗu, ko ɗaya ba ta motsa ba.

Ranar da Manjo ya zo bayan ta sanar da shi, tagar ofis a buɗe take, ni kuma ina wurin zamana. Bai yi faɗa ba da farko. Ya ce abin baƙin ciki ne, amma a yi tunani. Baƙin Abuja sai ƙarshen Yuni za su sa hannu. A mayar wa matan kwalabensu ranar shuka kamar yadda aka yi alkawari. In bai fito ba, tudun Manga duwatsu ne, ruwan bana kuma ba tabbas, wa zai ce ga dalili? In kuma zuciyarta ba za ta ɗauka ba, a je kasuwa a auno jar dawa mai kyau a cika kwalaben, ko ba komai za su ga tsiro. Dawa dai dawa ce.

Rachael ta ce Saloma za ta gane tun daga bakin ƙofa, kuma dawar kasuwa ba za ta yi a kan tudun ba sai da taki, su kuwa ba su da shi. Ta ce saura mako uku a yi shuka. Wasu 'yan ƙauyen sun gudu garin Dirin Daji, wataƙila akwai mai sauran zangarniya a cikinsu. In aka faɗa yau, za a iya aikawa a nema. In aka bari sai an shuka an jira, ko da akwai, an riga an binne ko an ci.

Daga nan muryarsa ta sauya. Ya ce in har sai an faɗa, to a faɗa daidai: na'urar Munira ce ta lalace, sabuwar ƙira ce, ba a gama gwada ta ba. Cibiya za ta sallame ta, a rubuta wa Abuja, magana ta ƙare a nan.

“Na'urar ba ta lalace ba, Manjo. Abin da aka ce ta yi shi ta yi.”

“To wa ya ce ta yi? Ni dai ban taɓa maƙunni ba.”

“Ni na ce a ƙara.”

“Madam, ki yi wa kanki faɗa. Kujerar nan mata da yawa na so. Sunanki ne a jikin allon ƙofa, ba nawa ba.”

Ta ce ta sani. Ya fito ya wuce ni, ya ce, “Kofur, har yanzu kana gadin bishiya?” Na miƙe na sara masa, don jiki ya saba.

Washegari da safe ta roƙe ni in tura mata baro. Muka jera kwalaben a ciki, muka shimfiɗa buhu a tsakaninsu don kada su fashe. Munira ta ce za ta bi mu, Rachael ta hana ta, ta ce ta zauna ta kula da tattasan mutane. Tun daga cibiya har makarantar kwalaben na karo da juna suna wani ƙaramin kuka kamar ƙararrawar akuya. A hanya Rachael ta ce mini in bi a hankali, ga rami.

Matan suka fito suka kewaye mu. Da suka ga kwalabe wasu suka fara murmushi, sun ɗauka an kawo ne da wuri. Rachael ta durƙusa a gaban Saloma, gwiwa biyu a ƙasa, da siket ɗinta na ofis. Ta yi magana da C'lela. Ni kaɗan nake ji, amma na ji ta ambaci wuta, na ji ta ambaci kanta sau uku tana dafa ƙirji, ban ji sunan Munira ba, ban ji na Manjo ba. Da ta gama, wurin ya yi irin shirun da na sani a bariki, bayan an busa wa mamaci bigila an sauke.

Saloma ta ɗauki kwalbar gidanta, ta buɗe, ta sa ƙwaya ɗaya a baki ta ciza. Ta tauna a hankali. Sannan ta yi magana da Hausa, ina jin don ni ma in ji ne.

“An soya ta.”

Ta rufe kwalbar. Ta dubi wata ƙaramar mace da ke tsaye a bakin aji, wadda daga baya na ji cewa matar ɗanta ce, kuma ta binne yaro a watan Maris.

“Ɗiyata,” ta ce wa Rachael, “da mun san haka, da mun ci tun yaran na da ƙarfin taunawa.”

Babu wadda ta zage ta. Na so a ce sun zage ta. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauki kwalabensu suka shige. Kafin mu bar wurin na ji an fara daka. Irin gida goma sha huɗu ya yi musu tuwon kwana biyu. An ce Saloma ba ta ci ba.

Rachael ta ɗauki hayar mai babur ya kai ɗaya daga cikin matan Dirin Daji. Kwana uku suka yi suna bin gidajen da 'yan ƙauyen suka raɓa. Mutum biyu sun fito da iri, amma sun ci shi tun kafin Ista. Mai tudun Manga da ya ji ba su da abin shukawa, sai ya ba wani ƙaninsa wurin ya zuba wake.

A makon ne Rachael ta rubuta wa Abuja takarda da hannunta, ta faɗi abin da ya faru da wanda ya ba da izini. Kwamiti ya zauna ranar Asabar, minti arba'in. Litinin aka goge sunanta daga allo. Tun da sharaɗin mace na nan, sai suka ɗora Khairunnisa, yarinyar da ke buga musu takardu, wadda ta shiga bayan gida ta yi kuka kafin ta fito a ɗauke ta hoto a kan kujerar. Munira na nan da na'urarta, ta ƙara mata maƙunni na huɗu, ta rubuta “iri” a jikinsa da jan fenti, amma ba wanda ya sake kawo mata iri. Abuja har yau ba su ce sun ci gaba ba, ba su ce sun janye ba.

Ni kuwa duk kwanakin nan gwangwanin na ƙarƙashin gadona. Kullum dare sai in buɗe in ƙirga, sha takwas. Ina gaya wa kaina cewa sha takwas ba za su yi wa kowa komai ba, kuma in na fito da su za a ce tsoho ya saci irin 'yan gudun hijira. Gaskiyar ita ce ina son su. Ba ni da wani abu a akwatin da babu irinsa a duniya sai su. Biyar ɗin da suka tsira na dasa su a wani fasasshen baho a bayan ɗakina, uku suka kama.

Ranar da aka yi ruwan shuka na gaske, wanda ya kwana yana zuba, na ji ƙanshin ƙasa ya cika ɗaki, na kasa kallon akwatin. Da gari ya waye na tafi gidan su Rachael. Na same ta tana wanke-wanke, ta rame, ta ɗaura zane kamar kowace mace a unguwa. Na miƙa mata gwangwanin. Ta buɗe, ta dube ni, na ɗauka za ta yi mini faɗa. Sai ta ce, “Baba, tun yaushe?” Na ce tun ranar farko. Ta ce ba ita za a ba ba, ita ta gama karɓar irin mutane.

Muka je muka zo da Saloma gidana. Ta tsaya a kan bahon ta daɗe, ta shafa ganyen da yatsa, ta ce na gidan wata Dinah ne, ta gane shi da jan da ke gindin kara. Dinah ba ta fito daga ƙauyen ba, ƙanwarta ce ta ɗauko zangarnun. Na zuba wa Saloma sha takwas ɗin a tafin hannu. Ta ce ba za ta kai su makaranta ba, can akwai kaji, akwai yara, akwai ita kanta. A shuka su a nan.

Bayan ɗakina fili ne da bai fi tabarma uku ba, tsakanin katangata da ta cibiya. Rachael ta sare shi da fartanyata. Saloma ta yi ramukan da diddige, ƙwaya ɗaya a kowane rami, tana faɗin wasu kalmomi ƙasa-ƙasa. Ni na kewaye wurin da ƙaya da tsohon gidan sauro. Sha ɗaya suka fito. Da ukun baho, sha huɗu. Na lura adadin ya zo daidai da na gidajen, na so in faɗa, na ga ba wanda zai so ji.

Yanzu kullum da yamma su biyun sukan zo. Ba sa hira da juna sosai. Saloma na cire ciyawa, Rachael na duba ƙarƙashin ganye ko tsutsa ta shiga. Ta bayan katanga ana jin na'urar Munira tana minsharinta. Rachael ta lissafa mini cewa in Allah ya tsare su daga akuya da tsutsa, zangarnu sha huɗu za su ba da irin da zai ishi ƙaramar gona baɗi. Saloma ta ce a ƙasar gari dawar ba za ta daɗe tana kama da kanta ba, tana son dutsenta.

Jiya Yero ya rufe teburinsa da wuri ya leƙo ta kan katanga, da butar shayi a hannu. Ya kalli karan da suka kai ƙugu, ya ce ma sha Allah, ya tsokane ni cewa kofur ya zama manomi da tsufa. Sannan ya juya wajen Saloma, cikin ladabi.

“Inna, to in ta nuna, baɗi ina za ku shibka ta?”

Saloma ta ci gaba da cire ciyawa. Rachael ta juya wani ganye ta duba bayansa. Ni kuma na kasa kunne wajen na'urar.